Jar Ƙasa a Jikin Rumbu

Faransanci na karanta a kwalejin ilimi, kuma ba don ƙaunar Faransa ba. Ranar rajista na tarar layin Turanci ya kai bakin ƙofa har ya lanƙwasa, na Tarihi ma haka, teburin Faransanci kuwa mutum biyu ne a gabansa, ɗayan ma hanyar banɗaki ya zo tambaya. Na tsaya a nan. Bayan shekara uku aka ba ni takarda mai hatimi tana shaida wa duniya na iya harshen, ni kuma ban ga dalilin ƙaryata gwamnati ba.

Aka tura ni wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye gefen Yammedi, cikin ƙasar Karaye. Takardar ɗaukata ta ce ina kan gwaji, sai hedimasta ya rubuta na cancanta sannan a tabbatar da ni a aiki. Hedimastan dattijo ne mai magana a hankali, kamar yana tsoron kalmomin za su zube. Ranar farko ya zaunar da ni ya ce, "Malam, ni ban san Faransanci ba, ba ni da abin auna ka a kansa. Ma'aunina ɗaya ne, kada in ji ƙararka daga cikin gari." Na ce in sha Allahu ba zai ji ba. Da gaske nake a lokacin.

Wahalar da na tarar a aji ba ta yara ce kaɗai ba, har da ni. Bafaranshe ba ya barin suna ya fita shi kaɗai, kowane suna da ɗan rakiyarsa a gaba. In namiji ne le, in mace ce la, in suna da yawa les, in kuma sunan ya fara da wasali sai ɗan rakiyar ya tsuke ya koma l' ya manne masa. Wannan bayani ana gama shi alli bai kai rabi ba. Mu ma muna da irinsa, sai dai a wutsiya muke sawa, mu ce gidan, mu ce motar. Balarabe shi ya huta, alif da lam ɗinsa ɗaya, kowa ya zo a yafa masa.

Aikin yana wajen sanin wane ne namijin, wace ce macen. Yaron Bahaushe yana shigowa aji da tabbacin wannan kam ya sani tun yana goye, rana mace, wata namiji, gida namiji, rijiya mace. Sai in tsaya gaban allo in sanar da su cewa a Faransa rana namiji ce, wata mace, gida mace, rijiya namiji, taɓarya ma namiji. Wani daga bayan aji ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, su ma dai ranar nan tamu suke gani?"

Akwai dokoki a littafi, wai suna mai ƙarewa da kaza yawanci mace ne. Wannan "yawanci" ita ke kayar da mutum a jarrabawa. Ni kaina dabarar da na ci tawa da ita ba ta faɗuwa a gaban ɗalibai, duk inda na rasa sai in mai da abin jam'i in sa les. A rubutuna na kwaleji ba a taɓa samun mutum ɗaya ya hau keke ɗaya ba, kullum mutane ne a kan kekuna suna tafiya kasuwanni.

Akwai wata yarinya a bencin gaba, 'yar Fulani daga wata ruga wajen Kwanyawa, tana zaune gidan gwaggonta a garin saboda makaranta. Ita kaɗai ba ta kuskure, kuma ba ta da alamar tana shan wahala. Wata rana na tsare ta na ce ta gaya mini dokar da take bi.

Ta ce, "Malam, ba doka. Mu a Fulatanci kowane abu da nasa ɗan rakiyar, sun fi yatsun hannu da na ƙafa yawa. Biyu kawai ai hutu ne."

Na ce, "To yaya kike riƙe su?"

"Yadda ake riƙe shanu. Ba ka tambayar saniya don me take ja. Ka gan ta ja, shi ke nan ka san ta."

Na koma ɗakina da maganar. Washegari na sa aka ɗebo jar ƙasa daga bakin kududdufi, na roƙi farar ƙasa wajen matar mai gadi, muka kwaɓa kowacce a tsohon gwangwani. Doka ta zama ɗaya, abin da yake le a shafa masa ja a rubuta le, abin da yake la a shafa masa fari a rubuta la. Muka bi makarantar kaf. Bango ja, ƙofa fara, allo ja, taga fara, benci ja, kujera fara. Ƙananan abubuwa da ƙasa ba ta zama a jikinsu muka ɗaura musu zare, ja ko fari. Masu l' muka yi musu alamarsu da 'yar ƙugiya a sama, don kada a manta suna da jinsi ko da sun ɓoye shi. Jakin mai gadi ma ya samu nasa a cinya, bai nuna ya damu ba.

Kaka ce, ba ruwan da zai wanke mana aiki. Cikin mako uku sai na ga abin da ban taɓa gani a kwaleji ba. In na ambaci suna sai yaro ya lumshe ido, ya ga launin, ya faɗi daidai. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma haka nake yi. Karo na farko a rayuwata na rubuta mutum ɗaya a kan keke ɗaya ba tare da gabana ya faɗi ba.

Daɗin nasara ya ɗebe ni. Ranar Juma'a na raba wa yaran sauran ƙasar a ƙullin ganye, na ce kowa ya je gida ya yi wa abu goma alama. Ni kuma na hau mota na tafi Rogo gaida mahaifiyata.

Abin da ban sa a lissafi ba, kowane jariri a ƙasar Karaye ya san shi. Shekarun nan ne ake aikin madatsar ruwa a kan kogin Challawa. Ƙauyukan da ke gangare duk an tashe su, kuma kowa ya san yadda tashin ke farawa. Masu safiyo, wato masu awon ƙasa, za su zo da gwangwanin jan fenti, su shafa a bango, a rumbu, a bakin rijiya, a jikin kuka da tsamiya, su yi ɗan rubutun boko a gefe, su tafi. Bayan wani lokaci sai a ce a kwashe kaya. Garinmu a kan tudu yake, an sha faɗa musu ruwa ba zai iso su ba, amma mutumin da ya ga surukinsa ya wuce da jinkar ɗakinsa a kan amalanke ba ya barci da ido biyu a rufe a kan "an ce".

Yara arba'in, kowa da ƙullinsa, kuma babu wanda ya tsaya a goma. Farar alama ba wanda ya kula da ita, ta hau ƙofa da tukunya da tabarma, wuraren da mata suka saba shafa farar ƙasa tun kakanni. Jar ce ta yi ɓarna. Faransawa, ba tare da sun taɓa taka Karaye ba, sun ware kusan duk abin da ba ya ɗaukuwa a ka sun mai da shi namiji, bango, rumbu, rijiya, kuka, tsamiya. Aka wayi gari Asabar garin ya yi ja, da rubutun boko a gefen kowace alama. Da aka tsare yara suka faɗi gaskiya, Malamin Faransanci ne ya sa su. Wannan bai kwantar da hankalin kowa ba. Sai ma aka gane dabarar, wato wannan karon masu safiyo ba su zo da kansu ba, sun turo baƙo da sunan malami, ya sa 'ya'yan mutane su shafa wa gidajen iyayensu.

Na dawo Lahadi da la'asar ina ɗauke da ƙullin ƙuli-ƙuli da mahaifiyata ta ba ni. Na yi sallama a majalisar bakin masallaci, aka amsa, amma irin amsar da ake yi don fita haƙƙin sallama. A ƙofar wani gida na ga dammunan gero jibge sun kai tsayin mutum, rumbun a buɗe, babu komai ciki. Mai gidan, wani dogon tsoho, ya kwashe hatsinsa kaf, amalanke ɗaya ma ta riga ta kama hanyar Beli wajen ƙaninsa. Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ni a zatona wani biki ake shiryawa, har na yi masa fatan alheri.

Litinin da safe hedimasta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ƙofar nan mai farar alama.

"Malam, na ce kada in ji ƙararka daga cikin gari. To ba ƙara aka kawo ba, garin ne ya zo gaba ɗaya." Ya bayyana mini komai, sannan ya ce dagaci ya aika Karaye an tambaya, ofis ya ce bai san da maganar ba, amma a wajen mutanenmu ofis ya ce bai sani ba ba hujja ba ce. "Yau bayan la'asar ana neman mu a zauren dagaci. In bai gamsu ba zai sa a rubuta takarda a ɗauke ka. In ya rubuta tasa, ni ma dole in rubuta tawa, kuma ka san wadda zan rubuta."

Zauren ya cika har waje. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, barka da yamma." Dagacin tsoho ne ƙanƙane mai idon mikiya. Ya tambaye ni gajiya, ya tambayi ɗalibai, ya tambayi baƙunta, ya tambayi mutanen Rogo da yadda na baro mahaifiyata, duk a tsanake, kamar ba shi ne ke shirin kora ta ba. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan ya ba tsohon mai rumbu izini.

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, tambayata ɗaya ce. A tambayi yaron nan, me rumbuna ya yi wa Faransa?"

Na tashi na yi bayani irin na aji, da misalai, har da ɗaga yatsa. Na ce ja namiji, fari mace, shi ya sa rumbu ya samu ja, rijiya ma ta samu ja.

"Rijiya namiji?" Tsohon ya juya ya dubi jama'a. "Ranka ya daɗe, ko ƙarya za a yi mana, a yi mana wadda za ta shiga kunne."

Aka yi dariya, ba irin wadda mutum ke so a yi a kansa ba. Wani ya ce ai akwai tela a garin da ya yi shekaru a Abijan, a kira shi. Na ji sanyi a raina, na ce ga mai cetona. Telan ya zo da tef ɗinsa a wuya, aka tambaye shi ko ya ji Faransanci.

"Ranka ya daɗe, sha na yi. Da shi nake ciniki, da shi nake faɗa."

"To wannan le da la da Malam ke faɗa fa?"

Ya ɗan yi tunani. "Gaskiya mu can ba ma sawa. Ka ce mota, ka ce kasuwa, ka wuce abinka."

Daga baya na karanta cewa gaskiyarsa ce, Faransancin titin Abijan yakan yar da su. A ranar dai ji na yi kamar in shaƙe shi da tef ɗin. Hedimasta ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa.

Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Ni ban yi boko ba. Amma nan garin in an yi rigimar iyakar gona, ba ma tara shaidu wuri ɗaya. Ɗaya-ɗaya muke shigo da su. In gaskiya ce, dutsen da na farko ya nuna shi na goma zai nuna. In shiri ne, tun a na uku ake rabuwa." Ya sa aka jera kayan zaurensa a kan tabarma, waɗanda ba yaron da ya taɓa shafa wa komai, buta, wuƙa, agogonsa na hannu, mukullin ɗakin ajiyarsa, da takalmansa. Ya ce tsohon mai rumbu ya zaɓi yara goma sha biyu da kansa. Ni kuma aka kai ni gindin tsamiyar bayan masallaci, aka haɗa ni da wani ƙato ya tsare ni, kada in yi wa kowa ƙifce.

Abin da ya faru a ciki hedimasta ne ya ba ni labari daga baya. An kawo ƙoƙon jar dawa da ƙoƙon farin wake. Yaro zai shigo shi kaɗai, a nuna masa abu, ya faɗi sunansa da Faransanci, ya ce ja ko fari, a ajiye ƙwaya a bayan abin inda mai shigowa ba zai gani ba, a fitar da shi ta ƙofar cikin gida. Bayan buta wake ya taru, bayan agogo wake, bayan mukulli wake, bayan wuƙa dawa. Da aka zo kan takalma kowane yaro sai ya ce les, ya ce taro ba shi da ja ba shi da fari. Dagaci ya ce wannan kam Faransawa sun yi hankali. Ƙwaya ɗaya ce tak ta saɓa, wake guda a cikin dawar wuƙa, kuma mai ita jikan tsohon mai rumbu ne. Aka ce tsohon ya yi kamar bai gane yaron ba.

Duk da haka bai sauka ba. Ya ce, "A shigo da malamin nasu, shi ma a yi masa."

Aka shigo da ni, yara suna tsaye jikin bango. Buta, na lumshe ido na ga butar makaranta da farin zarenta, na ce la. Wuƙa le. Agogo la. Takalma les. Zaure ya fara motsi, ina jin hedimasta yana sauke numfashi. Aka ɗaga mukulli. Na riga na ga nasara, ban tsaya lumshe ido ba, Hausar da ke bakina ta riga ni, na ce ja.

Aka buɗe ƙwayoyin da aka ɓoye a bayan mukullin, wake goma sha biyu, fari fat. Tsohon ya miƙe tsaye. "To, ga shi nan! An rabu!"

Sai muryar 'yar Fulanin nan daga jikin bango. "Ranka ya daɗe, a yi mini izini." Dagaci ya gyaɗa kai. Ta dube ni da tausayi irin wanda ni ya kamata in riƙa duban ta da shi. "Malam, la clé. Fari ne. Kai da kanka ka ɗaura wa na ofis zare."

Hedimasta ya laluba aljihu ya zaro mukullin ofishinsa. Ga farin zaren nan, ya yi dauɗa da mako uku na aljihu, amma ba mai cewa ja ne.

Dagaci ya fara dariya a hankali, har ta kai shi ga tari. Da ya lafa ya ce wa tsohon, "Zauna, Malam. Ka taɓa ganin an shirya ƙarya, yara goma sha biyu sun riƙe ta, wanda ya shirya ta ya manta? Wannan karatu ne. Har ya fi ƙarfin mai koyar da shi." Zaure ya ɗauka. Wannan dariyar ma a kaina aka yi ta, amma na karɓe ta hannu biyu, ban taɓa jin daɗin faɗuwa jarrabawa irin na ranar ba.

Hukunci ya zo kashi uku. Ba za a rubuta takarda ba. Ja da fari su tsaya a cikin shingen makaranta. Sannan ni da ajina mu wanke garin, mu mai da wa tsoho hatsinsa cikin rumbu, a kuma tura mai keke ya juyo da amalanken Beli.

Washegari da hantsi muka yi layi daga jibgin geron zuwa rumbu, dami yana bin hannu. Ban sa su ba, yaran da kansu suka ɗauki waƙa, na gaba ya ambaci suna da Hausa, layi ya amsa da Faransanci da ɗan rakiyarsa. Mata suka leƙo ta kan katanga. Telan Abijan ya zo ya tsaya yana gyara musu lafazi, ba wanda ya kula shi. Tsohon yana bisa tsani a bakin rumbu yana karɓa yana jerawa, fuska a murtuke, amma na lura ƙafarsa tana bin waƙar.

Da aka gama na ɗauko bokiti da tsumma na nufi jar alamar da ke jikin rumbun. Ya daka mini tsawa daga sama.

"Kai, Malam! Wa ya aike ka?"

"Baba, dagaci ne ya ce a wanke."

"Rumbun dagaci ne? An ce namiji ne, kuma ban ga ƙarya a nan ba. Bar masa shaidarsa. Je ka wanke ta rijiya, wannan har gobe ban yarda ba."

Na je na wanke ta rijiya.

A ƙarshen makon hedimasta ya kira ni ofis. Takardar tana kan tebur, ya riga ya sa hannu, ya juyo ta don in karanta da idona. Ya rubuta cewa malamin yana da himma, ɗalibansa sun yi jarrabawa a gaban jama'ar gari sun ci. Bai ambaci sakamakon malamin ba, ni ma ban tuna masa ba. A zangon da ya biyo baya sai da aka ƙaro benci biyu a ajina, har da 'ya'yan waɗanda suka amsa sallamata da ƙyar. Muka shiga darasin au da du, inda ɗan rakiya ke haɗewa da wani ya canza kama. Wannan karon a kan allo muka tsaya.